Hanyar bis a Yamai: tun ranar dasa born ake samunta ko a rasa ta

Da ƙarfe bakwai na safe, bakin gudron a Kwara Tegi ko Niamey 2000 cike yake da masu jiran abin hawa. Ga ɗaliba da jaka a baya tana duban agogon waya, ga mace da robar kaya za ta Katako, ga magini da cebur a kafaɗa. Faba-faba, wato ƙaramar motar haya mai ɗibar mutane da yawa, ta zo maƙil ta wuce. Taksi ya tsaya, ka faɗi inda za ka, direba ya girgiza kai ko ya ce kurs biyu ne, wato kuɗin tafiya biyu za ka biya. Da yawa cikin mutanen nan sun riga sun taka rairayi mai nisa daga gida kafin su iso, don motar haya ba ta yarda ta shiga cikin unguwa. Ka tambayi kowa a wurin mene ne magani, amsar ɗaya ce: gwamnati ta sayo bis.

A sayo, ba na ja da wannan. Sai dai sayen bis shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Yamai tana da kamfanin bis na cikin gari, SOTRUNI, tun shekarun 1990, an kuma sha kawo sabbin motoci ana bikin ƙaddamarwa, amma har gobe faba-faba da taksi ne ke ɗauke da garin. Akwai laifin rashin gyara da kayan gyara, akwai na kuɗin tikiti da ba ya biyan gazuwal. Amma akwai dalilin da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne yadda ake yanka filaye. Ranar da mai awo ya zo gonar gero a bakin gari ya dasa turakun siminti da muke kira born, a ranar ake yanke hukunci ko bis zai taɓa shiga wannan unguwa ko ba zai shiga ba. Kuma a ranar babu mai maganar bis a wurin.

Mu fara da jikin motar. Bis na cikin gari tsawonsa mita 12 ne, faɗinsa mita biyu da rabi, in ya cika da mutane nauyinsa ya kan kai tan 18. Don ya juya yana bukatar da'ira mai faɗin kusan mita 25. Layin da yake bi mita uku da rabi ne, zuwa da dawowa mita 7. In ana son bis ya samu hanyarsa shi kaɗai a tsakiyar titi, sai a ƙara mita 4 zuwa 5 na dandamalin jiran fasinja. Sauran motoci, layi biyu kowane gefe, sun ci mita 13. Masu tafiya ƙasa mita 3 kowane gefe, 6 ke nan. Kanibo na ruwan sama mita ɗaya da rabi kowane gefe. Tara su duka, an kai mita 33 zuwa 34, ba a dasa ko dogon yaro ɗaya ba, ba a bar wa turakun kamfanin wutar lantarki Nigelec da bututun ruwa wuri ba. Shi ya sa masu aikin ke neman mita 40 ga babbar hanya. Titunan cikin lotisma kuwa, wato yankin da aka yanka filayen gini, yawancinsu mita 10 ne, ko 15, wanda ya yi sa'a 20.

Wani zai ce ai ba dole sai bis ya samu layinsa ba, ya bi cikin sauran motoci mana. Ga abin da hakan ke ci. A ɗauki hanya mai kilomita 12 daga bakin gari zuwa Babbar Kasuwa. In bis yana cakuɗe da taksi mai tsayawa ko'ina, da amalanken jaki, da babura, da mai tura ruwa, da kyar ya yi kilomita 12 a awa. Zuwa awa ɗaya, dawowa awa ɗaya, hutun minti goma a tasha, zagaye ɗaya ya ci minti 130. In ana son kowane minti goma bis ya iso, sai an zuba motoci 13 a kan wannan layi. In kuwa yana da layinsa yana yin kilomita 24 a awa, zagayen minti 70 ne, motoci 7 sun isa. Hanya ɗaya, fasinja ɗaya, amma kusan rabin motoci, rabin direbobi. Faɗin titi kuɗi ne da ake biya ko ake tsimi kowace rana har tsawon ran garin.

To yaya ake yanka filin? A takarda tsarin yana da kyau. Akwai dokar tsara birane ta 2017 wadda ta shimfiɗa ƙa'idoji. Mai son yin lotisma, ko meri ce ko ɗan kasuwa mai zaman kansa, yana daidaitawa da masu gonaki na gado, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakarsu. Mai awo ya auna, a zana taswira, a raba ta ilo-ilo, kowane ilo a yanka shi filaye masu mita 200, 300, 400 ko 600, a ware tituna, a ware wuraren makaranta, asibiti, kasuwa, masallaci da filin shaƙatawa. A buɗe bincike don jin masu ƙorafi, kwamitin tsara birni ya duba, minista ya sa hannu, sannan a dasa born a fara ba da takardar akt-da-sesiyo, wato shaidar an ba mutum filin.

Matsalar tana cikin abin da kowa ke nema a teburin. Mai lotisma ribarsa yawan filaye ce. Mai gona diyyarsa filaye ce, gwargwadon faɗin gonarsa. Meri ta daɗe tana rayuwa da kuɗin filaye, kuma ita kanta gwamnati a farkon shekarun 2000 ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Kowane mita da aka ba titi, an cire shi ne daga aljihun wani da ke zaune a wurin. Wanda zai amfana da faɗin titin, wato ɗan haya da zai zo unguwar bayan shekara goma sha biyar ba shi da babur, ba ya nan, wataƙila ma ba a haife shi ba.

A lissafa abin da ake gudu. In titi mai mita 15 aka mai da shi 40, an ƙara mita 25. A kilomita guda, hekta biyu da rabi ke nan, filaye 62 masu mita 400. Abin da mai lotisma ke gani ya rasa ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu a duba ɗaya gefen, bayan an gina. Titi mai mita 15 ana son ya kai 35, dole a samo mita 20. Fili mai mita 400 sau da yawa 20 ne a kan 20. In aka ci gefe ɗaya, jerin gidaje guda ya tafi baki ɗaya, wajen gida 45 a kilomita in an cire mahaɗar tituna. In aka ce a raba zafin, a ci mita 10 kowane gefe, sai a taɓa gida 90, kowanne a yanke shi rabi, kuma rabin da ake yankewa shi ne na gaba, inda shago yake, inda garaji da masai da ramin ruwan wanka suke. Wannan raba zafin kuskure ne da ake yawan yi don ana ganin adalci ne, alhali ya ninka yawan masu neman diyya, ya bar mutane da guntun gida da ba ya zaunuwa. Filaye 62 na gonar gero a yau, ko gidajen siminti 45 da iyalansu gobe. Kilomita goma, gida 450.

Kuma rushe gida a ƙasar nan ba da baki ake yi ba. Dokar ƙwace fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ce sai an fitar da dokar gwamnati da ke bayyana aikin a matsayin na amfanin jama'a, a naɗa mai bincike ya ƙirga dukiya da masu ita, a fitar da jerin filayen da za a karɓa, a zauna gaban kwamitin sasantawa, wanda bai yarda da farashi ba ya je gaban alƙali, kuma diyya ta zama ta adalci, a biya ta kafin a karɓi wurin. Gyaran 2008 ya ƙara da tsarin sake tsugunar da waɗanda aka tayar. Doka ce mai kyau, kada a taɓa ta. Amma kowane mataki yana da inda yake maƙalewa. Fili ɗaya sai ka tarar da mutum biyu kowa da akt ɗinsa. Gidan gado mai magada goma sha biyu, uku suna Kwatano, ɗaya yana Libiya. Mai gida yana da takarda, ƴan haya takwas da ke ciki ba su da komai. Mai shagon da ya jingina kwantena da bango shekara goma ba ya cikin kowane rajista, amma daga nan yake ci da iyalinsa. Sannan masu ba da bashin gina hanya galibi ba su biyan diyya, daga baitulmalin ƙasa take fitowa, kuma ba su yarda a fara aiki sai an biya. Sai kamfani ya kawo injuna ya ajiye, wata da watanni suna tsaye ana lissafa wa ƙasa kuɗin jira. A ƙarshe, don a tsira, sai a rage faɗin hanyar a taswira, abin da ake fara yankewa kuwa shi ne layin bis da wurin masu tafiya ƙasa.

Akwai wata illa da ba ta fitowa sai an jera taswirori biyu gefe da gefe. Kowane lotisma ana zana shi shi kaɗai, kamar tsibiri. Na wannan ɗan kasuwa titinsa babba ya nufi gabas, na maƙwabcinsa ya karkace, inda suka haɗu sai titi mai mita 20 ya ƙare a bangon wani gida, ci gabansa yana can mita 60 a gefe. Babur zai lanƙwasa ya wuce. Bis ba zai iya ba. Gida uku kacal na iya kashe hanya mai kilomita biyar. Abin ya fi muni a inda gari ya tsallake iyakarsa. Yamai ta riga ta malala cikin ƙasar Libore, Hamdalai da Karma, waɗanda ke jihar Tilaberi, kowace kwamin da merinta da nata lissafin. Mutanen da za su zauna can a Yamai za su yi aiki, amma babu hannu ɗaya da ke riƙe da fensirin da zai ja layi daga can zuwa tsakiyar gari. Babban tsarin birnin na 1984 gari ya wuce shi tun da daɗewa, kuma takardun da suka biyo baya ba su hana kowa yanka yadda ya ga dama ba.

Ko an samu titin, bis yana bukatar mutane. Mutum ba ya son ya taka fiye da mita 400 zuwa 500 zuwa wurin tsayawar mota, a zafin watan Afrilu ma ƙasa da haka. Wato kowane kilomita na hanya yana ɗiban fasinja ne daga hekta 100, rabi dama rabi hagu. A hekta ɗaya, in an cire tituna da wuraren jama'a, a ce saura mita 6,000, filaye 15 masu mita 400. In kowane gida yana da mutum bakwai, an samu 105 a hekta, mutum dubu goma da ɗoriya a kilomita. Wannan zai iya riƙe bis. Amma je ka duba sabbin unguwanni a hanyar Filinge ko bayan Cangarai. Gida ɗaya a nan, katanga babu ɗaki a can, tulin bulo da ciyawa ta rufe, sai born, sai born, sai born. Fili a Yamai asusun ajiya ne, mai hali ya sayi biyar ko goma ya bar su suna tsada. In kashi ɗaya cikin uku ne aka gina, mutum dubu goma sun koma dubu uku da ɗari biyar, bis zai yi ta ƙona mai a tsakanin katangu. Talakan da ke son ginawa da gaske kuwa an tura shi can gaba inda fili ke da araha, hanyar ta ƙara tsawo, fasinja sun ƙara watsewa. A ƙa'ida mai fili yana da wa'adin da zai raya shi, amma wa ya taɓa ganin an bi wannan da gaske?

Ƙidayar 2012 ta ba Yamai mutum miliyan ɗaya da ƴan kai. Garin ya ƙaru sosai tun daga nan, sai dai faɗinsa yana gudu fiye da yadda gudron da kanibo ke iya binsa. Wannan ma yana komawa kan bis. Titin da ba a yi masa magudana ba, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya mai da shi kwari. Lotisma da aka zana a kan tebur ba tare da duba gangaren ƙasa ba yakan sa babban titi daidai kan hanyar ruwa, ya kuma sayar da filaye a cikin fadama. Mun ga abin da ambaliyar 2012 da ta 2020 suka yi, mun ga yadda aka kwashe mutane zuwa Seno, can bakin gari. Duk wanda aka tsugunar nesa da inda yake neman abinci, an ɗora masa kuɗin mota na kowace rana.

Sai maganar da ta fi ba ni takaici, filayen ajiya. A kowace taswira akwai wuraren da aka ware don amfanin jama'a. Su ne ya kamata su zama tashar ƙarshen layi, inda bis zai juya, direba ya yi salla ya sha ruwa, fasinja ya sauka daga kabu-kabu ko adaidaita ya hau babbar mota. Tashar irin wannan tana son rabin hekta zuwa hekta guda. Garejin kwana da gyara kuwa, in aka ba kowane bis mita 150 zuwa 200 har da hanyar juyawa, ramin gyara, wurin wanki da tankin mai, bis ɗari suna son hekta ɗaya da rabi zuwa biyu. Kuma wurinsa yana da muhimmanci: gareji da ke kilomita 10 daga farkon layi yana nufin kowane bis zai yi kilomita 20 kullum babu fasinja ko ɗaya. Bis ɗari, kilomita 2,000 a rana a banza. Amma filayen ajiyar nan su ne ake bi a hankali ana sauya musu suna, a yanka su ƙanana a sayar. Unguwa ta wayi gari filin da yara ke ƙwallo ya zama gidaje shida da gidan mai. Kowa a Yamai ya san misali a kusa da gidansa. Ranar da za a nemi wurin tasha, sai a tarar babu, sai motocin su koma tsayawa a kan titi, su toshe shi, a ce direbobi ba su da tarbiyya.

Yadda aka raba garin ma yana da nasa. Tun da aka dawo da babban birni daga Damagaram a 1926, ofisoshi suka taru a Filato, manyan kasuwanni suka taru a tsakiya: Babbar Kasuwa, Katako, Wadata. Unguwannin bakin gari na kwana ne kawai. Da safe kowa ya nufi wuri ɗaya, da yamma kowa ya juya. Bis ya cika a zuwa, ya dawo wayam, ana biyan mai na tafiya biyu da kuɗin tafiya ɗaya. Jami'ar Abdu Mumuni da ke Harobanda, a ƙetaren kogi, ita ce babban abin da ke jan mutane ta ɗaya ɓangaren, kuma da an samu irinta uku ko huɗu a gefunan gari, wato asibiti babba, kasuwar sari, ma'aikatu, da layukan sun samu fasinja gaba da baya. Kogi kuwa gada uku gare shi: Kennedy ta 1970, ta Sin ta 2011, ta Seyni Kunce ta 2021. Gadar Kennedy, wadda ta fi kusa da tsakiyar gari, layi ɗaya ne kowane gefe, babu inda za a yanka wa bis. Duk tsarin da za a yi wa Harobanda dole ya fara da tambayar wace gada bis zai bi, sannan a tsare faɗin titunan da ke kaiwa gare ta tun kafin shaguna su cinye su.

An gina manyan gadojin sama, ta Mali Bero a 2013, ta shataletalen Shahidai a 2016, ta Diori Hamani a 2018, da babbar hanyar filin jirgi kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Sun sauƙaƙa wa masu mota, ban musa ba. Amma ba a ware wa motar jama'a layi a cikinsu ba, ga shi kuma wanda ya sauka daga faba-faba kusa da su sai ya yi da gaske kafin ya tsallaka. Korar ƴan kiyos daga bakin tituna da aka yi a 2016 ta nuna wani abu: ana iya buɗe faɗin titi cikin mako guda, amma in ba a zuba komai a wurin ba, ba a kuma ba mutanen inda za su koma ba, a hankali komai yana dawowa.

Darasin dogo yana gabanmu. An buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai a 2014, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa layi mai kusan kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikinsa a farkon 2016, jirgin bai taɓa yin jigilar yau da kullum ba. Abin da ya tsayar da shi rikicin kwangila ne da shari'a a ɓangaren Benin, ba tsarin filaye ba. Amma yadda layin ya ratsa gari ya nuna abin da ke faruwa in ba a tanadi hanya tun farko ba: sai aka matsa shi gefen titi, yana gicciye mahaɗa a ƙasa ɗaya da motoci da babura. A Abuja an buɗe jirgin cikin gari a 2018, tashoshinsa da yawa suna nesa da inda jama'a ke zaune, ya tsaya a 2020, sai a 2024 aka sake tayar da shi. Dakar ta buɗe layin bis mai hanyarsa a 2024, kilomita 18 da tashoshi 23 daga Gejawai zuwa tsakiyar gari, amma sai da ta sha wahalar tayar da mutane da biyan diyya, don ta gina ne a cikin garin da ya riga ya cika. Birnin Kuritiba na Barazil, wanda ya fara irin wannan bis a 1974, shi ya bi ta kai: ya ja manyan layuka, ya ba da izinin dogayen benaye a bakinsu kawai, tsawon gini yana raguwa yadda ake nisa da layin. Dokar gini ita ta kawo wa bis fasinja.

Na san abin da za a ce. Mutanenmu ba su son bene, suna son tsakar gida, da wurin tumaki, da inuwar bishiya. Gaskiya ne ga mai halin mallakar gida. Amma a shiga Bukoki, Lazare ko Talaje a ƙirga ƙofofi a fili ɗaya: antire-kushe, shambur-salo, iyali shida ko takwas suna raba famfo ɗaya. Cunkoson ya riga ya zo, sai dai ya zo a kwance, babu iska, babu magudana. Abin da nake kira a yi ƙarami ne. A jerin filaye biyu na farko da ke bakin babbar hanya, a ba da izinin bene mai hawa biyu ko uku, shago a ƙasa, ɗakunan haya a sama, a sauƙaƙa takardar izinin gini, a hana katanga makauniya mai tsawon ilo guda, a hana gidan mai kusa da inda tasha za ta zauna. Can ciki kowa ya yi gidansa na ƙasa yadda ya saba. Za a kuma ce faɗaɗa titi zai tsadar da fili ga talaka. Babbar hanya mai mita 40 a kowane kilomita ɗaya, tsaye da kwance, tana cin kashi 8 cikin ɗari na ƙasa, titin mita 15 da za a yi ko ta yaya yana cin kashi 3. Bambancin kashi 5 ne. Kuɗin taksi kurs biyu safe da yamma na shekara ɗaya ya fi wannan ƙarin nesa ba kusa ba.

Hakkin mai gona kuwa kada a taka shi. Dajin da aka kewaye Yamai da shi tun shekarun 1960, na dogon yaro da turare, ya koya mana cewa filin da aka ware ba a gama da masu gado ba, ba ya tsaruwa, kullum cikin rigima yake har a cinye shi. Don haka asarar filayen hanya a raba ta kan dukan masu gonakin yankin gwargwadon faɗin kowa, kada ta faɗa kan mutum ɗaya da layin ya ratsa gonarsa, kuma a ba shi nasa kason a bakin hanyar, inda fili zai fi daraja.

Aikin da ke gaba ba ya bukatar bashin waje. Ma'aikatar tsara birane, da birnin Yamai, da kwaminonin da ke kewaye, ko zaɓaɓɓen magajin gari ne a kujera ko kantoma, su zauna a kan taswira ɗaya su ja layukan manyan hanyoyi har nesa da inda gini ya tsaya yau, tazarar mita 800 zuwa kilomita ɗaya tsakaninsu, a bi gangaren ruwa, a sa wurin tasha da gareji. Kada minista ya sa hannu kan kowane lotisma sai titunansa sun haɗu da na maƙwabta daidai born da born. Hanyoyin da filayen tasha a yi musu titir-fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallaka, da sunan ƙasa, don fili mai takarda ya fi wuyar yankawa a ɓoye, a kuma kafa allo a wurin da lambar takardar yadda mai unguwa da matasan fada za su san na jama'a ne. Sannan a mamaye wurin da abin da ba siminti ba. A dasa dogon yaro jeri biyu daidai kan iyakar mita 40, a zuba jar ƙasa mita 7 a tsakiya don faba-faba ta fara bi, Nigelec ta kafa turakunta a gefen ƙarshe tun yanzu don kada a zo ana tumɓuke su, bututun ruwa ya bi ƙarƙashin wurin masu tafiya ƙasa. Filin tasha ya zama filin ƙwallo ko na sallar idi kafin lokacinsa ya yi. In ranar gudron ta zo, wurin tsayawar bis a zuba masa kankare, don kwalta a zafin Yamai ba ta jure birkin mota mai tan 18 sau ɗari a rana, takan lotsa ta yi kwari, ruwa ya kwanta daidai inda fasinja ke sa ƙafa.